Yadda ake kare rumfar ƙananan jiragen sama daga hunturu, zafi da damina a Kaduna

Duk wanda ya saba ƙetare gadar Kogin Kaduna da sassafe a watan Disamba, daga Kakuri ko Barnawa zuwa cikin gari, ya san ranakun da hazo ke rufe sararin samaniya har rana ta koma kamar farin faifai. A irin waɗannan ranaku ne ake jin an jinkirta tashin jirage ko an soke shi baki ɗaya, fasinjoji su yi ta zaman jira. Abin da ba kasafai ake ji ba shi ne halin da jirgin da ke ajiye yake ciki, domin ƙurar da ta hana shi tashi ba ta ƙyale shi a inda yake tsaye.

Ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum biyu zuwa shida ya fi daɗewa a ƙasa a kan yadda yake daɗewa a sama. Saboda haka lafiyarsa, da ran wanda zai hau shi, sun rataya ne a kan ginin da yake kwana a ciki. Wannan gini shi ne rumfar jirgi, wadda wasu ke kira garejin jirgi.

Mece ce rumfar jirgi?

Babban zaure ne na ƙarfe da kwano, wanda babu ginshiƙi a tsakiyarsa, kuma bango guda daga cikin huɗun kusan duka ƙofa ce. Dalili kuwa shi ne faɗin fukafukai. Jirgi samfurin Cessna 172, wanda ya fi kowane ƙaramin jirgi yawa a duniya, faɗinsa daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin ya kai mita 11, don haka ƙofar da zai shiga ba za ta gaza mita 12 ba. A cikin rumfar ake ajiye jirgi, a duba shi, a yi masa gyara, a kuma adana kayan gyaransa.

Wannan siffa ita ce amfanin rumfar, ita ce kuma rauninta. Faffaɗan rufin kwano yana tara zafi, doguwar ƙofa tana barin kafofin shigar ƙura, iska mai ƙarfi kuma tana samun wurin kamawa.

Kaduna da ƙananan jirage

Tun daga watan Nuwamban 1925, lokacin da jirage uku na sojan saman Birtaniya suka taso daga Masar suka sauka a Kano, Arewa ba ta rabu da harkar jirgin sama ba. Amma a fagen ƙananan jirage, Jihar Kaduna ce ke kan gaba. A shekarar 1964 aka kafa Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya a Zariya, inda ake horar da matuƙa da injiniyoyi da masu ba jirage hannu. A wannan shekara ce kuma aka kafa Rundunar Sojan Sama, wadda makarantarta ta farkon koyon tuƙi take a sansaninta na Kaduna.

A tsohon filin jirgin Kaduna ne kamfanin AIEP ya harhaɗa jiragen koyo guda 60 samfurin Air Beetle domin rundunar. Daga baya, a shekarar 2016, Najeriya ta ƙulla cinikin jiragen koyo goma samfurin Super Mushshak daga Pakistan. Kwalejin Zariya ma ta daɗe tana amfani da jirage irin su Tampico da Baron, kafin ta ƙara da na kamfanin Diamond.

Filayen jiragen birnin suna arewacin kogi ne. Sai dai idan ana maganar ginin kansa, ’yan uwan rumfar jirgi sun fi yawa a kudancin kogin. Zaurukan masaƙar Kaduna da ta fara aiki a Kakuri a 1957, da na kamfanin ƙera makamai na DICON da aka kafa a 1964, da na kamfanin harhaɗa motocin Peugeot da ya buɗe a 1975, da manyan sito-siton Makera da Kudenda, duk tsarin gini ɗaya ne: ƙarfe, kwano da babbar ƙofa. Abin da ke cutar rumfar jirgi shi ke cutarsu, maganin ma kusan ɗaya ne.

Namu hunturun daban ne

Yawancin littattafan da ke bayani kan shirya rumfar jirgi domin lokacin sanyi an rubuta su ne domin Turai da Amurka da Kanada. A can, abin tsoro shi ne dusar ƙanƙara da daskarewa. A watan Fabrairun 2010 nauyin dusar ƙanƙara ya rusa rufin wasu rumfuna a filin jirgin Dulles da ke kusa da birnin Washington, ya danne jirage masu tsadar gaske. Haka kuma man inji yana kauri idan sanyi ya tsananta, shi ya sa kamfanin Lycoming mai ƙera injinan ƙananan jirage ya ce a ɗumama inji kafin a tayar da shi idan ma’auni ya sauka zuwa digiri 12 ƙasa da sifili, shi kuwa kamfanin Continental ya sa iyakarsa a digiri 7 ƙasa da sifili.

Kaduna ba ta kusa da wannan. Ko a tsakiyar ɗari, da wuya ma’auni ya sauka ƙasa da digiri 10 sama da sifili. Don haka wanda ya kwafi tsarin Turai ya sayo na’urar ɗumama rumfa ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma jawo wa kansa hatsarin gobara. Abokan gaba a nan guda huɗu ne: ƙurar hunturu, bushewar iska, zafin bazara da danshin damina. A Turai ana rufe rumfa ne don a riƙe ɗumi a ciki; a Kaduna ana rufe ta ne don a tsare zafi da ƙura a waje, ba tare da an hana ta shan iska ba.

Ƙura: inda take fitowa da abin da take yi

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har cikin Maris, iska na kaɗowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara. Babban tushenta shi ne kwarin Bodele da ke arewacin ƙasar Chadi, wanda a zamanin da ƙasan wani katafaren tafki ne. Ƙurar ta yi laushi kamar gari, don haka duk kafar da iska za ta bi, ita ma za ta bi.

Ga jirgi, ɓarnarta kashi uku ce. Na farko inji: ƙurar da ta tsallake matatar iska tana haɗuwa da mai ta zama kamar wasa wuƙa, tana cin fistin da bangon silinda a hankali. Na biyu gilashin gaba: na ƙananan jirage ba gilashi ba ne na gaske, roba ce mai haske, kuma duk wanda ya goge ta da busasshen tsumma ya zana mata layukan da za su riƙa warwatsa hasken rana a idon matuƙi lokacin sauka. Ƙa’ida ita ce a fara kwarara mata ruwa mai yawa, sannan a shafa da tsumma mai laushi daga sama zuwa ƙasa. Na uku gaɓoɓi masu motsi: ƙura na maƙalewa a man shafawar da ke jikin hinjin fukafukai da ƙafafun jirgi, ta sa su cinye da wuri.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka aikin farko shi ne toshe kafofi. Mafi girmansu tana ƙarƙashin babbar ƙofa da gefunanta, inda ake manna robar toshi ko jerin buroshi mai taɓa ƙasa. Sai wurin da kwanon rufi ya haɗu da bango, inda lanƙwasar kwano ke barin ramuka a jere. Ana cusa musu soso da aka yanka daidai da siffar kwanon. Hanya mafi sauƙi ta gano kafofi ita ce mutum ya shiga rumfar da tsakar rana, ya rufe ƙofa, ya kashe fitilu: duk inda haske ya shigo, ƙura ma nan take shigowa.

Daɓen ma yana da nasa. Siminti tsirara yana fitar da tasa ƙurar, shi ya sa ake shafe shi da fenti mai tauri mai launin haske, wanda kuma ke nuna ɗigon mai ko noti da ya faɗi. Sharar tsintsiya tayar da ƙura take yi ta sauke ta a kan jirgi. Goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma ya fi.

Idan sabon gini za a yi, kuma tsarin filin ya ba da dama, kada babbar ƙofa ta fuskanci gabas ko arewa maso gabas. Ta nan iskar hunturu ke zuwa, ta gabas ɗin kuma hadarin farkon damina ya fi tasowa.

Zafin kwano da yadda ake tare shi

A watannin Maris da Afrilu zafin Kaduna kan haura digiri 35 a inuwa, shi kuwa kwanon da ke shan rana yana iya wuce digiri 60. Wannan zafi yana saukowa kan duk abin da ke ƙarƙashinsa. Yana busar da tayoyi da robobin toshi, yana rage ƙarkon batir, yana wahalar da na’urorin lantarki na gaban matuƙi. Sababbin jiragen da ake ƙerawa da zaren gilashi da ƙaro, maimakon alminiyam, ba sa son zafi mai tsanani, shi ya sa kusan dukansu farare ne. Makaniki kuma mutum ne: wanda gumi ke zuba masa a ido ya fi saurin manta noti bai ɗaure ba.

Matakan tare zafi hawa-hawa ne, daga mai sauƙin kuɗi zuwa mai tsada.

Na farko shi ne launin rufi. Farin kwano ko farin fenti yana mayar da kaso mai yawa na hasken rana, inda baƙi ko mai duhu ke shanye shi. Rufin da ya yi ja da ƙura ya rage wannan amfani, don haka wanke shi bayan hunturu ba ɓata ruwa ba ne.

Na biyu takardar alminiyam mai sheƙi da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin kwano. Ba ta aiki sai an bar tazarar iska a gefenta mai sheƙi, kamar santimita 2 zuwa 3. Ya fi kyau sheƙin ya kalli ƙasa, domin fuskar da ta kalli sama tana tara ƙura, kuma da zarar ƙura ta rufe sheƙin amfaninsa ya ragu.

Na uku bargon audugar gilashi ko audugar dutse, mai kaurin santimita 5 zuwa 10. Yana tare zafi sosai, ba ya cin wuta da sauƙi, yana kuma rage ƙarar ruwan sama a kan kwano. Aibinsa shi ne idan ya jiƙa ya lalace, kuma ɓeraye da tsuntsaye na son yin gida a cikinsa, don haka sai an lulluɓe shi an tallafe shi da ragar waya.

Na huɗu kumfar da ake fesawa ta daskare a jikin kwano, ko kwano mai rufi biyu da kumfa a tsakiya. Wannan yana tare zafi yana kuma toshe kafofi a lokaci guda. Sai dai kumfa na cin wuta tana fitar da hayaƙi mai guba, saboda haka ba a barinta tsirara a wurin da ake ajiye mai ko ake walda.

Sanyaya dukan rumfa da na’ura ɓarnar lantarki ce, domin da an buɗe babbar ƙofa sanyin ya fice. Abin da ake yi shi ne a keɓe ƙaramin ɗaki a gefe, a rufe shi da kyau, a sa masa na’urar sanyaya ɗaki domin kayan lantarki da batura da fenti da robobi.

Toshewa ba ta nufin shaƙewa

Nan ne aka fi yin kuskure. Rumfar da aka toshe ta ko’ina ta zama tukunya, kuma a cikinta akwai mai. Fetur ɗin ƙananan jirage, mai launin shuɗi, yana fitar da tururi mai kama wuta ko a cikin tsananin sanyi. Kananzir ɗin jirgi kuwa, wanda wasu sababbin ƙananan jirage ke sha, tururinsa na iya kamawa daga kimanin digiri 38, zafin da rumfar kwano ke kaiwa cikin sauƙi a bazara. Tururin mai ya fi iska nauyi, don haka ba ya tashi sama, kwanciya yake a daɓe da cikin ramuka.

Saboda haka rumfa na buƙatar kafofin iska iri biyu: na sama a ƙoƙuwar rufi domin fitar da iska mai zafi, da na ƙasa domin shigo da sabuwa da kore tururin mai. Na ƙasan a yi su a bangon kudu ko yamma, a sa musu raga da matata da za a riƙa wankewa. Ƙa’idar lantarki ta Amurka, wadda ƙasashe da dama ke koyi da ita, ta ɗauki santimita 45 na farko daga daɓen rumfa, da kuma mita ɗaya da rabi kewaye da inji da tankin jirgi, a matsayin wuri mai hatsari da ba a sa soket ko makunni na yau da kullum. Janareta kuwa a waje yake zama, nesa da ƙofa.

Hunturu yana ƙara wani hatsari. Idan iska ta bushe, danshinta ya sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, lantarki na taruwa a jikin mutum da tufafi da roba. Shi ne ɗan jan da ake ji idan an taɓa ƙofar mota a watan Janairu. Wannan ɗan tartsatsin ya isa ya kunna tururin fetur. Don haka ba a zuba wa jirgi mai a cikin rumfa. A waje ake yi, bayan an haɗa jirgin da motar mai ko durom da waya domin lantarkin ya daidaita. Ciyawar da ke kewaye da ginin ma a nome ta tun kafin a fara ƙunar daji.

Damina da tsatsa

Kaduna na samun ruwan sama da ya haura milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa tsakanin Mayu da Oktoba. Hadarin farko yana zuwa da iska mai kwashe rufi, kuma rumfar da ƙofarta ke buɗe ita ta fi saurin tafiya, domin iska na shiga ta ɗaga kwanon daga ciki. Kafin ƙarshen Afrilu a bi ƙusoshin rufi ɗaya bayan ɗaya, a duba sakatun ƙofa, a yashe indararo da magudanai, a tabbatar ƙarfen tare tsawa na nan da wayarsa har ƙasa.

Da ruwa ya zauna, sai danshi. Da asuba kwano kan yi sanyi, raɓa ta taru a ƙarƙashinsa ta riƙa ɗiga kan fukafukai. Abin tare zafi da aka sa da kyau yana maganin wannan ma. Injin da ya daɗe bai tashi ba yana tsatsa daga ciki, shi ya sa masu ƙera shi ke son jirgi ya yi shawagin kimanin awa guda aƙalla sau ɗaya a wata, a kuma sauya masa mai duk bayan awa 50 na tashi ko wata huɗu. Tankin da ba a cika ba yana tara ruwa, don haka kafin kowane tashi matuƙi kan tsiyayi mai daga ƙasan tanki a ƙaramin kofi ya duba.

Zanzaro da sauran baƙi

Tattabaru na son ƙarafan rufi, kashinsu kuma na cin fenti da alminiyam. Ɓeraye na gwiguyar wayoyi. Amma mafi hatsari shi ne mafi ƙanƙanta, wato zanzaro, mai gina ɗakinsa na laka a duk ramin da ya samu. A jikin kowane jirgi akwai siririn bututu da ke shaƙar iska domin auna gudu, kuma bakinsa daidai yake da abin da zanzaro ke nema.

A ranar 6 ga Fabrairu, 1996, jirgin kamfanin Birgenair samfurin Boeing 757 ya faɗa teku jim kaɗan bayan tashinsa daga Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun gano bututun auna gudu ya toshe, kuma sun fi zargin gidan wani nau’in zanzaro ne, domin jirgin ya yi makonni a ajiye. A watan Oktoba na wannan shekara kuma, jirgin Aeroperu ya faɗa teku kusa da birnin Lima da mutum 70, saboda an manta ba a cire tef ɗin da aka liƙa wa hujojin auna iska lokacin wanke shi ba. Darasin biyu ne: a rufe kafofin jirgi idan an ajiye shi, a kuma rataya wa kowane murfi jan ƙyalle mai tsawo don kada a manta da shi.

Aikin kowane lokaci

Oktoba: toshe kafofi, sauya robar ƙofa, nome ciyawa, tanadin matatun iska.

Nuwamba zuwa Fabrairu: rufe ƙofa a ranakun hazo, goge daɓe, yawaita duba matatar inji, bin hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta NiMet.

Maris da Afrilu: wanke rufi, buɗe kafofin iska, duba tukwanen kashe gobara, ɗaure kwano kafin hadari.

Mayu zuwa Satumba: neman yoyo, auna danshi, farautar gidajen zanzaro da sheƙar tsuntsaye.

Duk wani gyara a jikin jirgin kansa aikin injiniya ne mai lasisin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya. Mai walda da kafinta iyakarsu ginin, kuma sai an fitar da jirgi kafin su kunna wuta.

Abin da mai sito da ma’aikacin gwamnati za su ɗauka

Ɗan kasuwar da ke haya a ɗaya daga cikin tsofaffin zaurukan Kakuri ko sababbin sito na hanyar Kachiya ba jirgi yake ajiyewa ba, amma kayansa ma suna jin jiki. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu cewa kada a ajiye su a zafin da ya wuce digiri 25 ko 30. Fenti da batura da kayan lantarki na lalacewa a zafi, atamfa da hatsi na fumfuna a danshi. Farin rufi, takarda mai sheƙi, kafar iska a sama da roba a ƙarƙashin ƙofa za su yi masa aikin da suke yi wa jirgi. Idan tsohon gini ne mai rufin asbestos, kada a fasa shi ko a huda shi da garaje, domin ƙurarsa na illa ga huhu.

Ga ma’aikacin da ke tsara kasafi ko duba kwangila kuwa, sabon ƙaramin jirgin koyo na cin ɗaruruwan dubban daloli, kayan gyaransa kuma daga waje ake shigo da su da kuɗin waje. Robar ƙofa da fentin rufi da ragar tsuntsaye a kasuwar Kaduna ake samunsu da naira. Idan aka sa kuɗin sayen jirgi a kasafi aka manta da kuɗin kula da rumfarsa, jirgin zai tsufa tun bai yi aikin da aka saye shi dominsa ba, ɗaliban da ke jiran layin koyon tuƙi kuma su ne za su biya da lokacinsu.